Seleniyam na allurar raguna, na man amosani da na ƙwayoyin ƙarin lafiya: duk abu ɗaya ne?

Tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato, ina ɗan taɓa kiwon tumaki a bayan gida. Watan jiya likitan dabbobi ya yi wa 'yan raguna biyu allura saboda ba su iya tsayuwa sosai, na duba kwalbar na ga an rubuta Selenium. Bayan kwana kaɗan maiɗakina ta sayo man wanke kai na amosani, shi ma ga sunan nan a jikinsa. Sai kuma wani abokina ya kawo mini ƙwayoyi a roba, ya ce suna ƙara ƙarfin maniyyi, suna kuma hana ciwon daji, su ma sunan nan ne. Ɗana da ke koyon haɗa sola ya ce ai har a farantin sola ana sa shi. Shin abu ɗaya ne? In abu ɗaya ne, yaya abin da ake yi wa dabba allura da shi, ake wanke kai da shi, zai zama abin haɗiyar mutum? In sha ko in bari?"

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kiwo. Abin da kake son sani shi ne ko seleniyam ɗin nan da ka ci karo da shi wuri huɗu asalinsa ɗaya, sannan ko ya kamata ka sha wanda abokinka ya kawo. E, sinadari ɗaya ne. Misalinsa kamar ƙarfe ne: wanda maƙeri ke dukan garma da shi da wanda ke cikin maganin ƙarin jini da ake ba mai ciki a wajen awo asalinsu guda, amma kowanne an sarrafa shi an auna shi daidai da aikin da zai yi. Ƙwayoyin kuwa ka ajiye su tukuna, kada ka fara sha. Aikina harhaɗa magunguna ne, na daɗe ina tsaye bayan kanta a garin nan, kuma seleniyam na cikin abubuwan da nake yawan roƙon mutane su yi hattara da su, domin tazarar da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata da abin da ke cutar da shi gajeriya ce ƙwarai.

Asalinsa, da maganar ɗanka

A 1817 ne wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ya gano shi. Yana da hannun jari a wata masana'antar yin asid daga farar wuta, sai ya lura da wani jan laka da ke kwanciya a ƙasan manyan tukwanen aikin. Da farko ya ɗauka wani sinadari ne da aka riga aka sani mai suna teluriyam, wanda aka ciro sunansa daga kalmar "ƙasa" ta Latin. Da ya tabbata sabon abu ne, sai ya raɗa masa suna daga kalmar "wata" ta Girkanci, tunda ɗan'uwansa na ƙasa ne. Har yau ba a haƙa rami musamman don seleniyam. Ana samun sa ne daga lakar da ke ragewa in ana tace jan ƙarfe da lantarki, kuma abin da duniya ke samarwa a shekara bai wuce tan dubu kaɗan ba.

Ɗanka bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa na buƙatar ɗan gyara. A 1873 wani injiniyan wayar tangaraho a Ingila, Willoughby Smith, ya lura cewa seleniyam na barin lantarki ya wuce cikinsa da sauƙi in haske ya taɓa shi, in duhu ya yi kuma sai ya ƙi. Shekara 10 bayan haka, a 1883, Charles Fritts a Amurka ya shimfiɗa zinariya siririya a kan seleniyam ya ƙera farantin sola na farko, wanda ke juya kusan kashi 1 cikin 100 kacal na hasken rana zuwa wuta. Daga 1954 wani sinadari mai suna silikon ya karɓe wannan aiki. Farantan da ɗanka ke ɗaurawa a kan rufin kwano a Mabera ko Arkilla kusan duk na silikon ne. Akwai wani nau'i mai siririn shafi da ake haɗawa da jan ƙarfe da seleniyam da wasu sinadarai biyu, amma kasuwarsa ƙarama ce.

Wannan hali nasa na jin haske shi ya sa tsofaffin injinan fotokwafi suka yi shekaru suna aiki da ganga mai shafin seleniyam, kuma yau ana sa shi a wasu na'urorin ɗaukar hoton nono na asibiti masu neman ciwon daji. Masu yin gilashi na zuba ɗan kaɗan don kashe koren launin da ƙarfen cikin yashi ke kawowa, in suka ƙara yawansa tare da wani sinadari sai gilashin ya fito ja wur, irin na fitilar danja ta da. A ƙasar Sin kuma ana kashe kaso mai yawa wajen tace wani ƙarfe mai suna manganis. Wannan ke nan a taƙaice. Abin da ya fi shafar ka shi ne na jiki.

Aikinsa a jikin mutum

Sama da shekara 100 bayan gano shi, guba kawai aka san seleniyam da ita. Sai a 1957 wani mai bincike, Klaus Schwarz, da abokin aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da aka hana su shi hantarsu na ruɓewa, ɗan kaɗan kuma na hana hakan. A 1973 aka gano dalili. Jiki na ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, kuma wannan ƙuna na barin wasu ɓurɓushi masu cin bangon ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙyauren ƙarfe bayan damina. Allah ya sanya wa jiki wasu furotin masu share wannan ɓurɓushi kafin ya yi ɓarna, kuma seleniyam ne ke zaune a tsakiyarsu yana aikin. Irin waɗannan furotin masu ɗauke da shi guda 25 aka ƙidaya a jikin ɗan Adam. Bitamin E ma irin wannan aikin yake yi ta wata hanya, shi ya sa ka kan gan su tare a kwalba ɗaya, kamar ta allurar ragunanka.

Cikin furotin ɗin nan akwai masu aiki a ƙullin nan na gaban wuya da ake kira tayirod, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Babu wata gaɓa a jiki da ta kai shi tara seleniyam in aka auna giram da giram. Shi ƙullin yana haɗa sinadarinsa ne da aidin, amma sai seleniyam ya juya wannan sinadari zuwa siffar da jiki ke iya amfani da ita. Akwai kuma wani furotin ɗin da ke ƙarfafa gindin wutsiyar ƙwayar maniyyi, kuma daga nan ne maganar abokinka ta samo tushe. Garkuwar jiki da tsokar zuciya su ma suna buƙatar sa.

To nawa ake buƙata? Ma'aunin da aka fi amfani da shi, na Amurka, ya ce baligi na buƙatar maikirogiram 55 a rana, mai ciki 60, mai shayarwa 70. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. In ka tara abin da kake buƙata na shekara guda cur, zai kama miligiram 20, wato kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya. Sai ka yi shekara 50 kafin ka ci giram ɗaya. Iyakar da aka ce kada baligi ya wuce a rana kuwa ita ce 400 a ma'aunin Amurka, hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ma ta sauko da tata zuwa 255 a 2023. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Inda ya yi ƙaranci, da inda ya yi yawa

Seleniyam daga ƙasa yake shiga tsiro, daga tsiro ya shiga dabba da mutum. Ke nan gero ɗaya da aka noma a gonaki biyu zai iya bambanta nesa ba kusa ba, kuma ba a gane wannan da ido ko ɗanɗano, sai an kai ƙasar ko hatsin ɗakin gwaji. Galibi busasshiyar ƙasa mai kanwa-kanwa ta fi sakar wa tsiro shi, ƙasa mai tsami da yawan ruwa kuma tana riƙe shi.

A 1935 wata cuta ta ɓarke a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin. Ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa ne ta fi kamawa, zuciya ta kumbura ta kasa tura jini, da yawa suka mutu. Talakawan ƙauye ne da ba sa cin komai sai abin da gonarsu ta ba su, gonar kuwa ba ta da isasshen seleniyam. A shekarun 1970 aka gwada ba dubban yara ƙwayar seleniyam sau ɗaya a mako, cutar ta ragu ƙwarai a cikinsu. Daga baya, a shekarun 1990, bincike ya nuna cewa akwai wata ƙwayar cuta da ba ta cika yin illa ba, amma in ta shiga jikin da ba shi da isasshen seleniyam sai ta rikiɗe ta zama mai cin zuciya. Ƙasar Finlan, da ta ga ƙasar nomanta ba ta da isasshensa, tun 1984 take zuba shi cikin takin zamani, don ya shiga abincin kowa a hankali ba sai an bi mutane da ƙwaya ba. A nahiyarmu an tabbatar da ƙarancinsa a yankuna da yawa na Malawi, inda masara ce abincin safe da dare.

Akwai darasi ɗaya daga arewacin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da nake so masu maƙoƙo su ji. A can mutane na fama da ƙarancin aidin da na seleniyam lokaci guda. Da aka gwada ba wasu seleniyam shi kaɗai ba tare da an fara gyara aidin ba, aikin tayirod ɗin wasunsu ƙara lalacewa ya yi. Don haka mai maƙoƙo ya je asibiti a duba shi, ya kuma tabbata gishirin gidansa mai aidin ne. Kada ya kama shan seleniyam don ya ji an ce yana gyara wuya.

A cikin ƙasar Sin ɗin dai, a yankin Enshi, akasin haka ne ya faru a farkon shekarun 1960. Ƙasar wurin cike take da seleniyam, mutane suka ci masararta da ganyenta, gashi ya dinga zubewa, farce na fita, fata na ƙuraje, wasu hannuwa da ƙafafu suka mutu. A wasu jihohin tsakiyar Amurka tun shekarun 1930 aka gane cewa shi ne ke sa kofaton shanu da dawaki tsagewa, geza da gashin wutsiya su zube, in sun yi kiwo a wasu filaye.

Ƙwayoyin da abokinka ya kawo

Maganar hana ciwon daji tana da tarihi, ba daga sama ta faɗo ba. A 1996 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka da aka yi da mutum 1,312, inda rabinsu ke shan maikirogiram 200 kullum. An shirya gwajin ne don ganin ko zai hana dajin fata, bai kuwa hana ba, amma sai aka ga kamar dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, ya ragu. Labari ya bazu, kamfanoni suka cika kasuwa. Don a tabbatar, a 2001 aka fara wani gagarumin gwaji da maza sama da 35,000, aka ba wasu seleniyam, wasu bitamin E, wasu duka biyun. A 2008 aka dakatar da shi tun lokacinsa bai cika ba, saboda seleniyam bai hana komai ba. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen, sai aka ga waɗanda suka sha bitamin E shi kaɗai dajin furostet ya ƙaru a cikinsu da kashi 17 cikin 100, waɗanda kuma tun farko jikinsu na da isasshen seleniyam aka ƙara musu, mummunan nau'in dajin ya fi kama su. Shi kansa gwajin farko na 1996, da aka koma kan bayanansa, an ga masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da ciwon suga. Masu tallar ƙwayoyin nan labarin 1996 suke ba mutane har yau, ba sa faɗin abin da ya biyo baya, kuma wannan na ci mini rai.

Batun maniyyi kuwa, gaskiya ne ƙwayar maniyyi na buƙatar seleniyam, kuma namijin da ke da ƙarancinsa zai iya amfana in an cike masa. Amma wanda jikinsa ya riga ya ƙoshi, ƙari ba ya ƙara masa komai, kamar tulun da ya cika ne ake ta zuba masa ruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu neman haihuwa sakamakonsu bai tsaya wuri ɗaya ba. In akwai jinkirin haihuwa a gida, Alhaji, abin da ya dace shi ne gwajin maniyyi a asibiti, a duba kai da maiɗakinka tare. Sau da yawa dalilin wani abu ne daban, kamar kumburin jijiyoyin maraina, ko tsohon ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba, ko ciwon suga. Na sha ganin mutum ya kashe shekara biyu da kuɗi masu yawa a kan robobin ƙarin lafiya, alhali gwaji ɗaya zai nuna masa inda matsalar take.

Bari in ba ka labarin abin da ya taɓa faruwa a gabana. Wata baiwar Allah ta zo neman maganin zubewar gashi. Ta ce in ta tsefe kitso sai ta tara gashi cike da tafin hannu. Da ta miƙo kuɗi na ga farcenta sun yi fari-fari da layi-layi, biyu sun tsage har tsakiya. Tana magana ina jin warin tafarnuwa, na tambaye ta, ta ce rabonta da tafarnuwa an kwana biyu, kuma bakinta kullum kamar ta tsotsi ƙusa. Na ce ta kawo duk abin da take sha. Washegari ta juye jaka a kan kanta: roba ɗaya ta neman haihuwa, ɗaya ta gyaran gashi da farce, ɗaya ta tarin bitamin. Muka bi bayan kowace roba da biro. Ta farko maikirogiram 200, ta biyu 200, ta uku 55, ga kuma na abincin da take ci. Ta haye 400 kullum, wata da watanni. Da ta ga gashi na zuba sai ta ninka ta gyaran gashin, wato tana ƙara abin da ke zubar da shi. Na ce ta tsayar da su duka, na tura ta wajen likita. Warin tafarnuwar nan alama ce da aka sani, jiki ne ke fitar da rarar seleniyam ta numfashi.

Akwai kuma haɗarin abin da ke cikin robar ya saɓa wa abin da aka rubuta a bayanta. A 2008 a Amurka mutum 201 suka kamu da gubar seleniyam daga wani ruwan ƙarin lafiya da aka yi kuskure wajen haɗa shi, ya ƙunshi ninki 200 na abin da takardarsa ta ce. In hakan ta faru a can, kai ma ka san dole a yi taka-tsantsan da robar da ta biyo hannu da hannu. Ka duba taka: akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna? Akwai ranar lalacewa? Maikirogiram nawa ke cikin ƙwaya ɗaya?

Ba cewa nake ba a ba kowa seleniyam ba. Likitoci na ba wanda ake ciyarwa ta jijiya na dogon lokaci, da wasu masu wankin ƙoda, da masu ciwon hanji da ba ya tsotsar abinci. Abincin nan na leda mai gyaɗa da ake ba yara masu tamowa akwai shi a ciki, an auna daidai jikinsu. Akwai kuma wani ciwon tayirod da ke turo idanu waje, wanda wani gwaji a Turai a 2011 ya nuna cewa maikirogiram 100 sau biyu a rana na wata 6 na taimaka wa masu ƙaramin nau'insa. Duk waɗannan likita ne ke yanke shawara, da adadi da ranar tsayawa. Ni daga nan ban ga jikinka ba, ban san magungunan da kake sha ba, ba zan iya cewa kana ciki ko ba ka ciki ba. Gwajin seleniyam na jini kuma ba irin wanda kowane ɗakin gwaji na unguwa ke yi ba ne, sai likita ya ga dalili ya tura.

Abin da zan iya cewa shi ne mazaunin gari irinka da wuya ya rasa 55 ɗin nan a kwanonsa. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kusan 15. Kifi na da shi sosai, na kogin Rima ne ko na madatsar ruwan Goronyo ko na ƙanƙara ko sadin na gwangwani. Ƙoda da hanta sun fi tsoka yawansa, saboda haka in ka tsaya wajen mai balangu ka ce ya haɗa maka da su. Burodi ma na kawo nasa, tunda yawancin alkamarsa daga waje take. Hatsin da ke kasuwarmu kuma daga gonaki daban-daban yake zuwa, wanda ya rasa wani ya cike. Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne yaron ƙauye da ke wuni a kan kunu da tuwon gona ɗaya, ba ƙwai ba kifi ba nama, kuma shi ɗin ma abinci yake buƙata kafin ƙwaya. In ka ga ana tallar wata gyaɗa da ake kawowa daga Birazil, ka sani ƙwara ɗaya na iya ɗaukar 70 zuwa 90, ba a cin ta kamar gyaɗa marau-marau.

Man amosani

Wanda maiɗakinka ta sayo seleniyam ne da aka haɗa da farar wuta, kuma magani ne mai kyau. Yakan zo da ƙarfin kashi 1 ko 2.5 cikin 100. Yana kashe wani irin naman gwari da ke zaune a fatar kai yana haddasa amosani, yana kuma rage saurin saɓar fatar. Ta jiƙa kai, ta shafa ya taɓa fatar kan ba gashi kawai ba, ta bar shi minti 2 zuwa 3, ta ɗauraye sosai, sau biyu a mako na makonni biyu, daga nan ta rage. Ya fi aiki in an tsefe kitso. Ta cire 'yan kunne da sarƙa tukuna don yana dusar da su, kada ya shiga ido, kada ta sa a kan da ke da rauni ko ƙuraje masu ruwa, domin ta nan ne yake iya shiga jini. In ta sa man miƙar da gashi ko rini, ta ba da tazarar kwana biyu, kuma ta ɗauraye da kyau don yana iya canza launin gashin. In tana da ciki ko tana shayarwa ta fara tambaya.

Shi ne kuma ake amfani da shi ga kyasbi, wanda ke yawa a nan in zafin Maris zuwa Mayu ya tsananta, gumi ya zauna a wuya da ƙirji. Ana shafa mai ƙarfin 2.5 a wurin, a bar shi minti 10, a wanke, kullum har kwana 7. Mutane kan dawo mini su ce bai yi aiki ba don har yanzu tabon na nan. Cutar ta mutu, launin fata ne ke ɗaukar watanni kafin ya koma daidai. A ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kaiwa, don ba abin sha ba ne.

Allurar raguna

Ni ba likitan dabbobi ba ne, maganar wanda ya ga ragunanka da idonsa ita ce gaba da tawa. Amma na san abin da yake gudu. In tunkiya ta yi ciki a kan abincin da ba shi da isasshen seleniyam da bitamin E, ɗanta kan zo da raunin tsoka. Za ka gan shi ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya su sandare, ya gantsare yana rawar jiki, ya kai baki ga hantsa ya kasa riƙewa. In abin ya taɓa zuciya sai a wayi gari ya mutu ba wata alama. In aka feɗe irinsa, tsokar cinya kan fito fari-fari kamar dafaffen kifi, shi ya sa ake ce da ita cutar farar tsoka. A Niyu Zilan, ƙasar tumaki, ta yi wa makiyaya ɓarna sosai kafin a gane maganinta. A shanu ƙarancinsa na cikin abubuwan da ke sa mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan haihuwa. Dabbar da ke ɗaure a bayan gida, tana cin tsohuwar harawa da dusa da rani ba ɗanyen haki, ta fi shiga wannan hali, don bitamin E na raguwa a busasshen abincin da ya daɗe a ajiye.

Abin da nake roƙon ka shi ne kada ka ga allurar ta yi aiki ka sayo kwalba ka dinga yi da kanka. A nan ma ana auna ta ne da nauyin dabba, kuma kuskure kaɗan na kashe ɗan rago cikin awoyi. A watan Afrilun 2009 dawakin folo 21 suka mutu a jihar Fulorida ta Amurka, wasu tun suna sauka daga mota a filin wasa, saboda an yi kuskuren awon seleniyam a allurar ƙarin kuzari da aka haɗa musu. Dawaki ne manya masu tsada, da likitoci a kansu. Ka kuma duba gishirin lasa da garin bitamin da kake zubawa a dusa, domin da yawansu akwai seleniyam a ciki, in aka haɗa da allura a kai a kai sai ya taru. Ka nuna wa likitan takardunsu duka in ya dawo, ka tambaye shi ko iyayen ma na buƙatar a yi musu kafin haihuwa ta gaba. Allurar dabba kuma ba a yi wa mutum ita ko da wane dalili. In akwai wanda kake shirin yankawa ko kai wa Kara a cikin waɗanda aka yi wa, ka karanta kwalbar ko ka tambayi likitan kwana nawa ake jira bayan allura kafin a ci naman, ka rubuta ranar a bangon garke don kada ta shige maka lokacin layya.